Tambayoyi da Amsoshi kan Sayen Rigar Zuwa Aiki: Wurin Saye da Batun Tsada

Duk wanda aikinsa ya wajabta masa sanya riga mai kwala da maɓallai kwana biyar ko shida a mako, ko ba daɗe ko ba jima sai ya fara tunanin inda ya fi dacewa ya riƙa saye, da kuma ko ƙarin kuɗin da ake ɗorawa kan wasu rigunan yana da amfani ko kuwa sunan kamfani kawai ake sayar masa. Amsoshin da ke tafe sun fi karkata ga rigar ofis, ta maza da ta mata, sai dai an keɓe tambaya guda ga masu aikin ƙarfi da masu aiki kusa da wuta ko injina, domin buƙatarsu daban take.

Shin riga mai tsada ta fi mai araha da gaske?

Ta fi, amma fifikon yana da iyaka, kuma sanin wannan iyaka shi ne abin da ke hana mutum asarar kuɗinsa. Idan aka tashi daga riga mafi araha zuwa mai matsakaicin farashi, kusan duk abin da aka ƙara ana ganinsa a jikin rigar: yadin ya fi kama jiki, ɗinkin ya fi yawa da daidaito, kwalar ba ta lanƙwashewa bayan wanki kaɗan, maɓallai ba sa zubewa, sannan akwai awo iri-iri da mutum zai zaɓi wanda ya zauna masa. A wannan mataki, maganar nan da ake cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida gaskiya ce tsantsa.

Daga matsakaiciya zuwa mai tsada ƙwarai kuwa, lissafin yana sauyawa. Abin da ake biya a can sama ya haɗa da zare mai matuƙar laushi, da aikin hannu a wuraren da keke ma zai iya yi, da maɓallan da aka sassaƙa daga ɓawon halittun teku mai ƙyalli, da hayar kanti a titi mai tsada, da kuɗin talla, da ribar sunan kansa. Wasu daga cikin waɗannan suna da daɗi a jiki kuma suna da kyau a ido, wannan ba abin musu ba ne, amma kaɗan ne a cikinsu ke ƙara wa riga kwana. Hasali ma yadi mafi laushi sau da yawa shi ke fara lalacewa. A ganina, ma'aikacin da ke neman rigar da zai riƙa sawa kowane mako ya nemi ta tsakiya, ya bar mai tsadar gaske ga ranar da yake son ya ƙure adaka.

Mene ne abu na farko da ya kamata a duba, kafin yadi da suna?

Yadda rigar ta zauna a jiki. Riga mai araha da ta dace da kafaɗa da wuya ta fi ba mai ita kwarjini a kan mai tsadar da ta yi masa yawa ko ta matse shi, domin zaman riga kowa yana ganinsa daga nesa, alhali ingancin zare sai wanda ya matso ya taɓa. Ana farawa da wuya: idan aka ɓalla maɓallin sama, ya kamata yatsu biyu su shiga tsakanin kwala da fata cikin sauƙi, kada ratar ta wuce haka. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai inda ƙashin kafaɗa ya ƙare. A ƙirji, idan yadin yana jan maɓallai har ana ganin rata a tsakaninsu, rigar ta yi kaɗan, kuma wannan matsala ta fi damun mata saboda yawancin kamfanoni suna yanka rigar mata a kan awon ƙirji guda ɗaya ga kowace lamba. Hannun riga ya sauka har ya rufe ƙashin tsintsiyar hannu, kuma kada ya janye sosai idan aka miƙa hannu gaba. Tsawon jikinta kuma ya isa a yi zanzaro ba tare da ta fito daga wando ba duk lokacin da aka sunkuya.

Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne, tela zai iya rage faɗin jikin riga, zai iya kuma rage tsawon hannu cikin sauƙi, amma gyaran wuya da kafaɗa aiki ne mai wuya wanda ba kasafai yake yin kyau ba. Saboda haka a sayi wadda ta dace a wuya da kafaɗa, sauran a kai wa tela. Wannan ne kuma ya sa rigunan da ake sayarwa da awon wuya da na hannu, kamar inci 15½ wanda ya yi daidai da kusan santimita 39, ko inci 16 wanda ake rubutawa santimita 41, suka fi waɗanda aka raba gida uku ko huɗu kawai, ƙarama da matsakaiciya da babba.

To a ina ya fi dacewa a saya?

Babu wuri guda da ya dace da kowa, amma akwai siffofi biyu da wurin saye mai kyau ba ya rasawa. Na farko, yana riƙe yanka iri ɗaya shekara bayan shekara, ta yadda idan mutum ya gano awonsa sau ɗaya ya huta da gwaji. Na biyu, yana karɓar kaya idan aka mayar.

Kamfanonin da sana'arsu ita ce rigar aiki kaɗai su suka fi cika waɗannan sharuɗɗa. Titin Jermyn da ke Landan ya daɗe da yin suna a wannan fanni, inda ake samun tsofaffin gidaje irin su Turnbull & Asser da aka kafa a 1885, da na baya-bayan nan irin su Charles Tyrwhitt wanda ya fara a 1986 yana aika wa mutane riguna ta gidan waya. A Amurka akwai Brooks Brothers, wanda aka kafa a 1818, kuma shi ya yaɗa kwalar nan mai maɓallai a bakinta. Irin waɗannan kamfanoni, da takwarorinsu a wasu ƙasashe, suna ba da awon wuya da na hannu daban-daban, da yanka mai faɗi da matsakaici da siriri. Manyan kantuna masu tara kayan kamfanoni da yawa kuwa, amfaninsu shi ne mutum zai gwada riguna biyar ko shida na gidaje daban-daban a zama ɗaya, ya gane wanda yankansa ya dace da ƙirarsa. Akwai kuma kamfanonin tufafin yau da kullum masu rassa a ƙasashe da dama, irin su Uniqlo na Japan, waɗanda ke sayar da riguna marasa ado a farashi mai sauƙi, kuma ga wanda yake fara aiki babu laifi ya soma da su.

Wurin da nake ba da shawarar a yi taka-tsantsan da shi shi ne kantin da ke bin yayi, wanda ke sauya kaya kowane 'yan makonni. Rigar da ta dace da mutum a yau, idan ya koma neman irinta bayan wata shida ba zai same ta ba, kuma an yi ta ne da tunanin za a daina sawa kafin ta tsufa.

Saye ta intanet yana da haɗari?

Yana da shi idan aka yi shi da ka. Hanyar da ta fi inganci ita ce mutum ya ɗauki rigar da ta fi zauna masa a cikin waɗanda yake da su, ya ɓalla maɓallanta, ya shimfiɗa ta, ya auna faɗin ƙirji daga hammata zuwa hammata, da faɗin kafaɗa, da tsawon hannu, da tsawon baya, sannan ya kwatanta da jadawalin awon da kamfanin ya wallafa. Lambar da aka rubuta a riga ba abin dogaro ba ce, domin matsakaiciya a wani kamfani babba ce a wani. Bayan haka a karanta abin da aka yi yadin da shi, a kuma karanta sharuɗɗan mayar da kaya kafin a biya, musamman wanda zai ɗauki nauyin kuɗin aikawa. A ƙasashen Tarayyar Turai, alal misali, doka ta ba mai saye ta intanet kwana 14 da zai iya fasa ciniki, amma wannan dama ba ta shafi kayan da aka ɗinka bisa awon mutum ba. Kowace ƙasa da tata ƙa'ida.

Mafi muhimmanci, a sayi guda ɗaya tukuna. A sa ta, a wanke ta sau biyu ko uku, a ga ko ta tsuke, ko launinta ya zuba, ko kwalar ta canza kama. Idan ta ci jarrabawar sai a ƙaro. Tayin da ake yi na sayen huɗu a farashi mai rahusa yana da amfani ga wanda ya riga ya san rigar, amma ga sabon mai saye hanya ce ta tara kuskure huɗu a lokaci ɗaya.

Ba gara a kai wa tela ya ɗinka ba?

Ga wanda ƙirarsa ba ta bi awon kamfani ba, kamar mai dogon hannu da siririn jiki, ko mai kaurin wuya da ƙananan kafaɗu, ko mace mai faɗin ƙirji da siririn ƙugu, ɗinki shi ne mafita mafi kyau. Sai dai ba kowane gwanin tela ne gwanin kwala ba. Kwala da bakin hannu su ne wurare mafi wuya a riga, domin suna buƙatar a sa musu wani yadi mai tauri a ciki kuma a fitar da kusurwoyinsu daidai wa daida, don haka kafin a ba tela aiki a nemi ganin rigar da ya taɓa ɗinkawa, a duba ko bakin kwalar biyu sun yi tsawo ɗaya.

A jiƙa yadin a shanya kafin a yanka, sai fa idan an tabbatar an riga an tsuke shi a masana'anta. Tun 1930 akwai wata hanya da Sanford Cluett ya ƙirƙiro a Amurka, wadda ake matse yadi da danshi da zafi kafin a sayar, ta yadda tsukewarsa bayan wanki ba za ta wuce kashi 1 cikin 100 ba, amma ba kowane yadi ake yi wa haka ba. A kai wa telan rigar da ake jin daɗinta ya yi koyi da ita, a kuma ɗauki ta farko a matsayin gwaji.

Yaya batun gwanjo da kantunan rangwame?

Gwanjo hanya ce ta samun riga mai inganci a kan kuɗi kaɗan, muddin mai saye yana da haƙuri da ido. A ɗaga rigar wajen haske, a duba lanƙwasar kwala, da bakin hannu, da hammata, da gwiwar hannu, domin nan ne tsufa ke fara bayyana. Tabon rawaya a hammata ba kasafai yake fita ba. Kantunan rangwame na manyan kamfanoni kuwa, ya kamata a san cewa ba duk kayan da ke cikinsu ba ne ragowar babban kanti, domin da yawa an ɗinka su ne musamman don a sayar a can, da yadi da ɗinkin da bai kai na asali ba. A duba rigar kanta, kada a dogara da tsohon farashin da aka soke a takarda.

Me ake nufi da audugar Masar ko Pima, kuma ya cancanci a ƙara kuɗi dominta?

Bambancin yana cikin tsawon silin audugar. Kusan kashi 90 cikin 100 na audugar da ake nomawa a duniya nau'i ɗaya ce mai matsakaicin sili. Akwai wani nau'in daban mai dogon sili, wanda ke kaiwa milimita 35 ko fiye, kuma daga cikinsa ne ake samun Pima da ake nomawa a Amurka da Peru, da mafi kyawun nau'o'in Giza na Masar. Idan sili ya yi tsawo, ana iya kaɗa shi ya zama zare siriri mai ƙarfi, kuma ba a samun ƙananan bakunan sili da yawa da ke fitowa a saman yadi su dunƙule su zama ƙuraje. Don haka yadin yakan yi santsi, ya riƙe launi, ya kuma daɗe. Wannan na cikin abubuwan da suka cancanci ƙarin kuɗi.

Matsalar ita ce rubutun da ke jikin riga ba kullum yake faɗin gaskiya ba. A 2016, babban kantin nan na Amurka, Target, ya yanke hulɗa da kamfanin Welspun na Indiya bayan ya gano cewa zannuwan gadon da aka sayar da sunan audugar Masar ba ita aka yi amfani da ita ba. Sunan Supima, wanda alama ce mai rajista ta audugar Pima da aka noma a Amurka, ya fi samun sa ido. Idan riga ta yi araha ƙwarai amma an rubuta mata sunan auduga mai daraja, akwai dalilin shakka.

Lambobin nan 80 da 100 da 140 da ake rubutawa fa?

Suna nuna sirantar zare. A tsarin awon Ingilishi, lambar tana faɗin sau nawa za a samu tsawon mita 768 a cikin laba ɗaya ta zare, wato kimanin giram 454. Zare mai lamba 100 ke nan laba ɗayarsa za ta kai kusan kilomita 77. Duk lokacin da lamba ta hau, zaren ya ƙara sirancewa, yadin ya ƙara laushi da ƙyalli, farashi kuma ya tashi. Sai dai yadi mai lamba 140 zuwa sama yana saurin yamutsewa, yana nuna abin da ke ƙarƙashinsa idan fari ne, kuma ba ya jure wanki mako-mako. Ga rigar aiki, tsakanin 80 da 120 ya wadatar. Idan aka ga an rubuta 100/2, ana nufin siraran zare biyu aka murɗe suka zama ɗaya, kuma wannan ya fi ƙarfi da santsi a kan zare guda mai kauri iri ɗaya.

Wace irin saƙa ce ta fi dacewa da aiki?

Uku ne suka fi yawa. Foflin saƙa ce mai sauƙi, zare ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, mai santsi, marar nauyi, wadda ta dace da zafi da kuma wurin da ake sa kwat da laktaye, amma tana saurin yamutsewa. Tuwil tana da layuka a karkace a samanta, ta fi nauyi kaɗan, tana da sauƙin guga kuma ba ta nuna jiki. Saƙar Oxford ta fi su kauri da jure wahala, tana ƙara laushi yayin da ake wanke ta, amma kamanninta bai kai na sauran biyun nuna shiri ba. Lilin ya fi kowanne sanyi a jiki, sai dai yamutsewarsa ba ta da magani.

Laifi ne a sayi wadda aka gauraya da foliyesta?

Ba laifi ba ne, ciniki ne da ake samun wani abu a rasa wani. Foliyesta, wadda masana biyu John Whinfield da James Dickson suka samar a Ingila a 1941, tana da ƙarfi, tana saurin bushewa, ba ta yamutsewa sosai, kuma launinta ba ya saurin kodewa. Shi ya sa rigunan yunifom da yawa ake yin su da kashi 65 na foliyesta da kashi 35 na auduga. Amma auduga tana iya riƙe danshin da ya kai kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta ba tare da an ji ta jiƙe ba, foliyesta kuwa ba ta kai kashi 1 ba, don haka gumi yakan tsaya tsakanin yadi da fata. Tana kuma kama maiƙon jiki, wanda ke sa wari ya maƙale ko bayan wanki. Wanda ke yini a ɗaki mai sanyi ko yake yawan tafiya zai iya jin daɗinta. Wanda ke yawan gumi kuwa ya nemi auduga zalla, ko gaurayen da auduga ta fi yawa a cikinsa.

Rigar da aka ce ba ta buƙatar guga, gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya. Auduga ce da aka jiƙa da wani sinadari aka gasa, wanda ke ɗaure sassan silin da juna ta yadda za su koma inda suke bayan an lanƙwasa su. An bunƙasa wannan fasaha tun shekarun 1950, kuma ana yawan ambaton Ruth Benerito, masaniyar kimiyyar sinadarai a cibiyar binciken ma'aikatar noma ta Amurka da ke New Orleans, a cikin waɗanda suka yi aikin. Idan aka rataye irin wannan riga da ɗan danshinta, takan bushe a miƙe, ko da yake ɗan shafa dutsen guga a kwala da gaba yana ƙara mata kyau.

Tana da nata naƙasu. Sinadarin yana rage ƙarfin silin, shi ya sa ake ganin bakin kwala da na hannu suna saurin cinyewa, kuma yadin bai kai auduga tsagwaronta laushi ba. Wasu nau'o'in sinadarin suna fitar da ɗan burbushin fomaldihaid, wanda ke sa wa masu saurin ƙaiƙayi damuwa a fata, don haka a wanke kafin a fara sawa. Alamar OEKO-TEX Standard 100, wadda ake bayarwa tun 1992, tana nuna an gwada yadin kan iyakar irin waɗannan sinadarai.

Ta yaya za a gane ɗinki mai kyau a cikin kanti?

A juya rigar a duba cikinta, domin nan ne gaggawa ke ɓuya. Ɗinki mai kyau yana da taku ƙanana a jere, kimanin bakwai a santimita ɗaya ko fiye, babu zaren da ke reto, babu inda yadin ya tattare. A ja ɗinkin gefe a hankali, idan ramukan allura suka buɗe to ba zai daɗe ba. A duba kafar maɓalli, a ga ko an zagaye ta da zare mai yawa ba tare da bakin yadi yana warwarewa ba, sannan a murza maɓallin a ji ko ya kafu. Idan yadin mai ratsi ne ko mai gida-gida, a duba ko ratsin ya haɗu daidai a kafaɗa da aljihu da gaban riga, saboda haɗa shi yana cin yadi da lokaci, kuma kamfanin da ya damu da hakan yawanci ya damu da saura.

Kwala tana buƙatar kulawa ta musamman. Yawancin rigunan zamani ana manna yadin ciki da na waje ne da gam da zafi, wanda ke sa kwalar ta tsaya ƙyam. Idan an yi mannin da kyau yakan kai ƙarshen rayuwar rigar, idan kuwa an yi ha'inci, bayan 'yan wanki sai a ga kwalar ta yi bororo, kuma wannan ba ya gyaruwa. Rigar da ke da 'yan sandunan da ke miƙar da bakin kwala, waɗanda ake iya zarewa, da maɓallan ajiya da aka ɗinka a ƙasanta, alama ce ta cewa an yi ta da niyyar ta daɗe.

Riguna nawa ma'aikaci ke buƙata, kuma ta yaya zai lissafa riba?

Aƙalla ɗaya ga kowace ranar aiki a mako, da ƙarin biyu ko uku don ranar da wanki ya makara. Farare da masu ruwan shuɗi mai haske su fi yawa, domin suna shiga da kowane wando. Lissafin kuwa shi ne a raba kuɗin riga da adadin sawar da za a yi mata. A ɗauka riga ta farko ta mutu bayan sawa 30, ta biyu kuma kuɗinta ya ninka na farkon sau biyu amma ta kai sawa 100, to kowace sawa ta biyun ta fi araha nesa ba kusa ba. Amma idan ta uku ta ninka ta biyu sau huɗu a kuɗi, kafin ta biya kanta sai ta kai sawa 400, abin da ba kasafai rigar auduga ke yi ba, kuma tabon tawada ko na miya ba ya tambayar farashi kafin ya sauka. Wanda kuɗinsa ke da iyaka, gara ya mallaki matsakaita bakwai yana juya su da ya mallaki masu tsada biyu yana wanke su kowace rana.

Wace kulawa ce ke ƙara wa riga kwana?

Kulawa tana iya yin tasiri fiye da farashi. A ɓalle duk maɓallai a kuma zare sandunan kwala kafin wanki. A shafa sabulu a wuya da bakin hannu a bar shi ya jiƙa, maimakon a dirje su da ƙarfi. Ruwa mai ɗumi kaɗan, digiri 30 zuwa 40, ya isa. Injin busarwa mai zafi yana tsuke auduga yana kuma cinye ta, don haka ratayewa ta fi, kuma masu launi a shanya su a inuwa. Tabon rawaya na hammata yawanci yana samuwa ne daga haɗuwar gumi da sinadarin alminiyam da ke cikin maganin hana gumi, kuma bilic mai kulorin yakan ƙara masa rawaya, saboda haka sa singileti a ciki da wanke riga da wuri sun fi magani. A yi guga rigar na da ɗan danshi, a bi alamar da ke jikinta: ɗigo uku a hoton dutsen guga yana nufin zafi mai yawa, biyu matsakaici, ɗaya kaɗan. Sitaci mai yawa yana sa yadi ya bushe ya riƙa karyewa a wuraren lanƙwasa.

Tsada tana nufin an kyautata wa waɗanda suka ɗinka rigar?

Ba lallai ba ne, kuma wannan tambaya ce da ya kamata kowane mai saye ya riƙa yi wa kansa. Sau da yawa masana'anta ɗaya ce ke ɗinka wa kamfanoni masu farashi daban-daban, kuma sunan ƙasar da aka rubuta a riga yawanci yana nuna inda aka yi babban aikin ƙarshe ne, ba ya faɗin inda aka noma audugar ko aka saƙa yadin. Rushewar ginin Rana Plaza a Savar kusa da Dhaka, a Bangladesh, ranar 24 ga Afrilu 2013, wadda ta hallaka mutum 1,134 akasarinsu ma'aikatan ɗinki, ita ta tilasta wa kamfanoni da dama sa hannu a yarjejeniyar kare lafiyar ma'aikata da fara bayyana masana'antun da suke hulɗa da su. Wanda abin ya dama ya duba ko kamfanin yana wallafa jerin masana'antunsa. Abin da ke a fili shi ne, rigar da farashinta ya yi ƙasa fiye da kima, akwai wanda aka rage wa haƙƙinsa a wani wuri kafin ta iso kanti.

Masu aikin ƙarfi da masu aiki kusa da wuta fa?

A nan ƙarin kuɗi yana iya zama batun rai. Ga aikin gini ko gareji ko sito, a nemi yadi mai kauri na tuwil, da ɗinki mai layi biyu ko uku, da ƙarin ɗauri a kusurwar aljihu, kuma kada hannun rigar ya yi faɗin da inji zai iya kamawa. Ga mai walda ko mai aikin lantarki ko na man fetur da gas, foliyesta haɗari ce, domin tana narkewa a wajen digiri 250 ta manne a fata. Irin waɗannan ma'aikata suna buƙatar rigar da aka gwada ta kan ƙa'idar jure wuta, kamar EN ISO 11612 ko NFPA 2112, masu aiki a kan titi kuma mai ɗaukar ido bisa ƙa'idar EN ISO 20471. A saye su daga dillalan kayan kariya da aka sani, a duba alamar a jikin rigar, kada a saye su a gwanjo domin ba a san abin da aka wanke su da shi ba. A ƙasashe da yawa doka ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin samar da su.

Idan kwala ta cinye, rigar ta ƙare ke nan?

Ba dole ba. Idan jikin rigar yana da sauran ƙarfi, tela zai iya farke kwalar ya juya ta, gefen da ya cinye ya koma ƙasa, muddin babu aljihun sanduna a bayanta. Zai iya kuma cire ta gaba ɗaya ya bar tsayayyen wuya, ko ya sa sabuwar kwala da bakin hannu na farin yadi, ko ya mayar da dogon hannu gajere. Wannan gyara ya fi dacewa da riga mai yadi nagari. Idan kuwa yadin ya yi shara-shara a gwiwar hannu ko a baya har haske yana ratsa shi, ɗinki ba zai kama ba, kuma lokaci ya yi da za a cire maɓallanta a ajiye don wata rigar.